Jimlar Isiyaku

A ajin Turanci na yamma da ke Doka Isiyaku ya fara ganin Na'ima. Ya shigo a makare da warin fetur a rigarsa, ya rasa wurin zama. Ita ce ta janye jakarta daga kan benci, ta ce, "Bismillah."

Direba ne a Mando, sai da ya girma ya shiga boko. Ita kuwa ma'aikaciyar jinya ce mai shirin ƙarin karatu.

Malaminsu ya buɗe musu zauren hira a waya. Kullum da safe zai jefo kalma mai wuya da ma'anarta, kowa ya gina jimla da ita. Nan Sharhabil, ma'aikacin banki mai zaƙin baki, ya samu fage. Ranar da aka ba da radiant, wato mai sheƙi, tun kafin a karya kumallo ya rubuta cewa fuskar Na'ima ake nufi. Ta sa masa alamar dariya.

Isiyaku ya ƙura wa dariyar nan ido har fasinja ya ce, "Malam, an ba mu hannu fa."

Shi wuni yake yi yana juya kalma a ransa, sai la'asar ya turo tasa jimlar, a kan mota ko a kan gida. Ba mai tankawa. Ranar da ya ga Sharhabil ya rako ta bakin titi suna hira, ya fice daga zauren, ya daina zuwa aji.

Ana nan sai ga saƙonta: "Malam Isiyaku, kalmar yau sulk. Ma'anarta mutum ya kumbura ya ƙi faɗin dalili. Ina jiran jimlarka."

Ya mayar: "Ki tambayi na banki, ya fi ni sauri."

"Shi kowace kalma fuskata yake liƙa mata, ko ta dace ko ba ta dace ba. Taka nake jira. A jimlolinka na san Innarka tana Funtuwa da ciwon gwiwa, na san kana tsoron kare."

Ya gangara gefen titi, ya kira ta.

"Amma kin yi masa dariya."

"Abin dariya ne ai."

"Ni dai ta tsaya min a wuya."

"To ɗalibina, faɗi da Hausa. Ba mai ba ka maki."

Ya ce, "Son ki nake, malamata. Ko sunanki wani ya rubuta sai in kasa cin abinci."

Sai dai Sharhabil ya riga shi aikawa neman aure gidan su Na'ima a Unguwar Sarki. Mahaifinta, Alhaji Bello, tsohon sakatare, ya ce, "Direba? Ga mai aikin ofis?"

"Abba, ka gan shi tukuna," in ji Na'ima.

Da Isiyaku ya zo gaisuwa, Alhaji ya miƙa masa jaridar Turanci ya ce ya karanta. Ya fara a hankali. Tsakiyar layi ya tsaya.

"Baba, wannan kalmar ban san ta ba. Me take nufi?"

Alhaji ya cire tabarau ya dube shi da kyau. Ya gaya masa ma'anar, sannan ya ce, "Na yi aiki da manya da yawa, ban cika jin wanda ya ce bai sani ba. Turo magabatanka."

Bayan Sallah aka ɗaura aure. 'Yan aji duk sun zo walima, har da Sharhabil. Ango da kansa ya tarbe shi, ya kai shi kujerar can baya kusa da janareta.

Na'ima ta rufe baki da mayafi. "Har yau, angona?"

"Ya fi samun iska a can."

Alhaji Bello ya ɗaga hannu. "Allah ya ba ku zaman lafiya da zuri'a ɗayyiba."

Amin ɗin Isiyaku ta fi ta kowa ƙarfi.