Inda Kan Dutse Ya Hau Rufin Coci

"Ko ni, ko shi!"

Muryar Ma Lisemay ta tashi har masu ɗinkin koma a bakin ruwa suka ɗago kai. 'Yarta Noella ta tsaya cak a kan gadar katako da kwandon abinci a hannu.

Ga jirgin katamaran can yana lilo a kan ruwa, fari ƙal, cikinsa biyu, filafilansa a naɗe. Ga kuma matuƙinsa tsaye a bakin matakala yana karɓar fasinja. Stelio ne. Stelion da Ma ta kora daga ƙofar gida ranar da ya zo neman auren Noella.

"Ma, na rantse ban san jirginsa ba ne..."

"Rufe min baki! Wa ya kama mana jirgin nan?"

Sharon, 'yar ƙanwar Ma, ta gyara gilashin fuskarta ta marairaice, ta kira ta yadda ake kiran gwaggo a nan. "Ni ce, Matant. Ai shi kaɗai ya rage. Ina na san abin zai ɓata miki rai?"

Ta sani sarai. A otal take aiki, babu jirgin da ba ta san matuƙinsa ba a duk garin Cap Malheureux, kuma tun suna makaranta idonta ke kan Stelio.

Tonton Gaetan, wato kawu Gaetan, yayan Ma, wanda aka shirya yawon domin zuwansa daga Ostireliya, ya buga sandarsa a katako. "Lisemay, na tsallako rabin duniya da wannan gwiwar tawa. Shiga mu tafi, kya yi masifarki a ciki."

Ma ba ta iya musu da yayanta. Ta shiga, amma ko kallon hannun da Stelio ya miƙo mata ba ta yi ba. Sai da ta taka jirgin ta juyo ga 'yarta.

"Kafin mu dawo kan gadar nan da yamma, ina son amsata: ko ni, ko shi."

Ba ƙiyayya ce ke cin Ma ba, Noella ta sani. Tsoro ne. Mijinta, Papa Clency, masunci ne, wata safiya ya fita da kwale-kwalensa, teku ba ta dawo musu ko da hularsa ba. Babu gawa, babu kabarin da za a kai fure. Tun daga ranar Ma ta rantse ba za ta ba teku 'yarta ta mayar mata da ita gwauruwa ba. Stelio kuwa a hannun Papa ya koyi ruwa, abin da ya ƙara masa laifi ke nan.

Aka saki filafilai, iska ta cika su, jirgin ya miƙa. 'Yan uwa suka baje a kan ragar gaba suna ihu duk lokacin da igiyar ruwa ta fantsamo musu. Ma ta shige rumfa ta juya wa teku baya, carbinta a hannu. Noella na zaune kusa da ita kamar wadda aka ɗaure. In ta saci kallon sitiyari sai ta tarar da idanun Stelio a kanta.

Suka wuce ta gindin dutsen Coin de Mire, fararen tsuntsaye masu doguwar wutsiya na shawagi a kansu. Kafin rana ta take suka sauka a tsibirin Gabriel.

Can bayan itatuwa, inda ake gasa kifi da kaza, Noella ta sami Stelio yana juya gawayi.

"Kin rame, abar ƙaunata."

"Kai ma ai ba ƙiba ka yi ba."

"Ni hayaƙi ne ya shanye ni."

Ta so ta yi dariya, sai hawaye ya riga ta. "Stelio... ta ce yau. Yau ɗin nan! Ni kaɗai ta rage mata a duniya. Ya zan yi?"

Ya ajiye abin juyin ya dube ta. "Ba zan ce ki bar mahaifiyarki ba. In na raba ki da ita, da wane ido zan kalli ruwan nan?"

"Shi ke nan? Ba za ka yi faɗa a kaina ba?"

"Zuciyata, akwai abin da baki ba ya faɗa..."

"Kullum haka kake cewa!"

Ta juya ta tafi tana goge ido. Ba ta lura da Sharon ba, wadda ta ɗauki abarba mai barkono da gishiri ta nufi inuwar da Ma ke zaune.

Ba a jima ba tsibirin ya ɗauka. Masu ɗumama gangar ravan a kan wuta don rawar sega suka tsaya da hannu a sama. Ma ce tafe, yashi na tashi a bayanta.

"Kai! Ɓarawo! Ashe har gurbin mijina ka sace?"

Kowa a nan ya san nauyin maganar. Masunci yana da gurbinsa na kifi a tsakiyar teku, yana gane shi ne da saitin abubuwan da ke kan tudu. Ba ya faɗa wa aboki, ba ya faɗa wa fada a coci. Ɗansa kaɗai yake kaiwa ya nuna wa. Papa Clency kuwa Noella kaɗai ya haifa, don haka kowa ya ɗauka gurbinsa ya nitse tare da shi.

"Duk ma'aikatan jirage sun sani, Matant," in ji Sharon. "Kullum a hanyar dawowa sai ya karkata ya rage gudu a wuri guda. Turawa yake nuna wa, don su yaba masa."

Noella ta dubi Stelio tana jiran ya ƙaryata. Bai ƙaryata ba. Zargi ya shiga ranta.

"Ina ragewa, Matant," ya ce a hankali. "Amma ban taɓa nuna wa kowa ba."

"To yau za ka nuna min! In gani da idona, in tsine maka a wurin!"

Babu wanda ya ƙara waiwayar ganga. Aka kwashe kaya aka koma jirgi, kifin ma rabi aka ci.

Rana ta karkata lokacin da Stelio ya juya sitiyari ya bar hanyar da sauran jirage ke bi. Ya sassauta igiya, filafilan suka saki jiki, jirgin ya lafa. Ya cire hularsa.

"Tonton, don Allah a koma gaba da kowa. Matant, zo ki tsaya nan. Noella, riƙe ta."

Tonton Gaetan ya kora jama'a da sandarsa. "Har ke, uwar kinibibi," ya ce wa Sharon.

Ma ta fito daga rumfa, karo na farko da ta fuskanci teku tun rasuwar mijinta. Noella na riƙe da hannunta.

"Dubi tudu," in ji Stelio.

Can nesa, dunƙulen da ke ƙwanƙolin dutsen Pieter Both ya zauna daidai a kan jan rufin cocinsu. Ya nuna mata can bayansu, ga hasumiyar fitilar tsibirin Plate ta leƙo kaɗan daga gefen Coin de Mire.

Ma ta ƙura wa wurin ido. Sau nawa Clency ya tsokane ta da cewa ya tafi inda dutse ke zuwa coci? Amma ta dake.

"Kowane ɓarawo na iya bin kwale-kwale a baya ya ga wannan."

"Haka ne, Matant." Ya sunkuyar da kai, kunya ta kama shi. "Sai dai ya faɗa min sunan da ya sa wa wurin. Ki yafe min... 'Yar Barkono. Ya ce wurin akwai wuyar sha'ani, amma wanda ya ɗanɗana ba ya iya zuwa wani."

Carbin ya suɓuce daga hannun Ma.

Noella ba ta taɓa jin sunan ba. Amma da ta ga yadda fuskar mahaifiyarta ta narke, ta gane suna ne na cikin ɗaki, wanda mutum biyu kaɗai suka sani.

"Shi ya kawo ka?" in ji Ma.

"Da kansa, ana saura kaɗan ya tafi. Ya ce, ba ni da ɗa namiji, ka riƙe, wata rana da shi za ka ciyar da gidana." Ya murza hular a hannunsa. "Ban taɓa jefa ƙugiya a nan ba, tunda ban zama ɗan gidan ba. Gaishe shi kawai nake yi in wuce."

"Me ya hana ka faɗa ranar da na kore ka?"

"Ba a faɗa a tudu, Matant, ke ma kin sani. Ke kuma kin ƙi shiga ruwa."

Ma ta durƙushe a bakin jirgin, kukan da ta daɗe tana dannewa ya ƙwace mata. Noella ta rungume ta, ita ma tana yi. Tausayin mahaifiyarta ya cika ta, ga kunyar zargin da ta yi wa Stelio a ranta.

"Za ta ɗauke shi, Noella... Yadda ta ɗauke ubanki haka za ta ɗauke shi."

"Ba zan yi miki alkawarin abin da ba a hannuna yake ba, Matant," in ji Stelio.

Noella ta ɗago fuskar mahaifiyarta da hannu biyu. "Ma, ki faɗa min gaskiya. Da an ce miki haka za ta ƙare, da kin fasa auren Papa?"

Ma ta dubi ruwan.

"Da gudu zan sake aurensa," ta ce. "Ja'irin mutum... har da ba ruwa sunana."

Ta zare farin furen da ke gashin Noella ta sake shi a kan teku. Suka bi shi da ido yana juyawa a hankali. Yau dai ta samu inda za ta kai fure.

Daga gaba Sharon ta leƙo, Tonton ya mayar da kanta da ƙugiyar sandarsa.

Ma ta share fuska da gefen zanenta ta miƙe. Masifar ta dawo muryarta, amma ba irin ta ɗazu ba.

"Kai, wannan uban jirgin naka babu igiyar kamun kifi ne?"

"Akwai, Matant."

"Wace ce Matant? Ɗauko!"

Ya ɗauko da sauri. Ta karɓa ta duba ƙugiyar kamar yadda ta saba duba ta mijinta, sannan ta kamo hannun Noella ta ɗora a kan nasa, ta danƙa musu igiyar.

"Jefa, ɗana. Gidan Clency ya daɗe bai ci kifin wurin nan ba."