Takalman Kyaftin Hollis

Ku yi mini afuwa, ban taɓa rubuta labari ba. Karatu kawai na iya. Amma Maren 'yar kawuna ce, a gabana aka yi komai, na kasa barin shi a cikina.

Duk Oktoba, idan aka buɗe baje kolin jiragen ruwa masu filafilai a garin Annapolis na Amurka, Maren takan raka mahaifinta, Kyaftin Hollis Tolliver. Ba saye yake kai shi ba, kushe ne.

"Wannan jirgi ne ko falon amarya?" ya ce, suna cikin wani sabo fari fat, mai faɗi, yana ta ƙamshin sabon fenti. "Dubi firij, ya fi na gidanmu! Wa zai tuna da iska a nan?"

"Baba, a hankali, mai sayarwa yana jin ka."

"Don ya ji na faɗa."

Ita kam jirgin ya burge ta, musamman tagoginsa da ke zubo haske har kan gado.

Ba a hawa jirgi da takalmi, don haka kowa ya tuɓe nasa a kan dandamalin katako na bakin ruwa, kuma kusan duk iri ɗaya ne, ruwan ƙasa, ƙasansu fari. Da suka sauko, na Kyaftin sun yi ɓatan dabo. Can Maren ta hango wani dogon saurayi yana tafiya yana ɗingishi, yana kallon ƙafafunsa cikin mamaki.

"Malam, takalman sun matse ka ne?"

Ya juyo. Idonsu ya haɗu.

"Na babana ne," ta ce, tana danne dariya.

Sunansa Wendell Pruitt. Ya ba da haƙuri har bakinsa ya gaji, fushin Kyaftin ya soma sauka, sai ya tambaye shi sana'arsa.

"Injin jiragen gudu nake gyarawa, Kyaftin."

Fuskar tsohon ta haɗe. A wurinsa masu jirgin inji ba su san ruwa ba, sai hayaƙi da ƙara da tayar wa mutane igiyar ruwa.

"Ɗan hayaƙi," ya ce. Ya karɓe takalmansa ya wuce. Kafin Maren ta bi shi, Wendell ya karɓi lambar wayarta.

Da yamma saƙo ya shigo wayarta: *'Yar Kyaftin, ƙafafuna sun warke, amma akwai inda bai warke ba. Ko za ki ci ƙaguwa da ni ranar Asabar?*

Ta mayar: *Ɓarawon takalmi, ka zo da naka.*

Haka soyayya ta kama su. Sanyi ya zo ya wuce, rani ya shigo, Kyaftin bai motsa ba. Tsohon jirginsa na katako, Lucille, sunan marigayiya matarsa ya sa masa, ya kuma rantse ɗan hayaƙi ba zai taka shi ba. Maren kuwa ba za ta auri wanda ba a yarda ya hau jirgin mahaifiyarta ba. Wendell ya san haka.

Shi kuwa Kyaftin, Brantley yake so mata, wani mai sayar da sababbin jirage, mai farin haƙora da daɗin baki.

Sai Wendell ya soma ɓacewa duk ranar Lahadi. Ta kira, waya a kashe. Ta tambaya, ya ce aiki. Wata ƙawarta ta ce ta gan shi a bakin ruwa da wata mata suna dariya.

*Idan ka gaji ka faɗa mini, Wendell. Ba sai an ba ni labari ba.*

*Sanyin idona, ki ba ni zuwa baje koli. Idan ban wanke kaina ba, ki jefa ni a ruwa da hannunki.*

Ta ajiye wayar. Kuka ta yi.

Ranar baje kolin ana yayyafi. Kyaftin ya ɗaure Lucille a kusa, yana shan kofi da Maren, sai ga Brantley ya yi tsalle ya faɗo ciki da takalmansa masu tauri, ko sallama babu.

"Kyaftin, lokaci ya yi da za ka rabu da wannan tsohuwar. Zo ka ga wanda muka kawo bana!"

Kyaftin ya kalli baƙin sawun da ke kan katakon da yake gogewa da hannunsa. Da ya ɗaga kai sai ya ga Wendell tsaye a kan dandamali, ba takalmi a ƙafarsa, yana riƙe da su, ruwa yana zuba daga gashinsa.

"Kai kuma me kake jira a cikin ruwa?"

"Izini, Kyaftin. Ba a ce in hau ba."

"Miƙo hannunka."

Tafin hannun duk kanta ne da saɓar igiya. Kyaftin ya san irinsa, nasa ma haka yake.

"Wa ke koya maka jan filafili?"

"Wata malama, duk Lahadi. Har yanzu ina kifar da ƙaramin jirginta, tana yi mini dariya."

Maren ta rufe fuska da tafukanta.

"Brantley, sauka," in ji Kyaftin. "Kai kuma ɗan hayaƙi, hau. Ka kula da kanka, sandar filafili ba ta san suruki ba."

An ɗaura auren a watan Mayu, a kan Lucille. Kyaftin ya haɗa hannuwansu.

"Allah ya ba ku iska mai daɗi, ya kai ku gaɓa lafiya."

Kowa ya ce amin. Wendell ya raɗa mata wani abu, ta kai masa duka da furanninta.

Ni kuwa da aka soma kiɗa, na lallaɓa wurin tarin takalman da 'yan biki suka tuɓe, na duba da kyau na tabbatar nawa ne, na riƙe su a hannu, na bi dandamalin a hankali kafin wani ya waiwayo.