Faifai Biyu Cikin Takwas

Ranar Litinin da safe, a shekarar da gero ya bushe a tsaye kafin ya fidda kai, na'urar wata ƙungiyar agaji a Zinder ta ƙi karanta sunaye. Kamiyo shida, manyan motocin kaya, na tsaye a ƙofar magaza, ɗakin ajiyar hatsi, an ɗora buhuna, ana jiran takardar da za ta faɗi ko wane gida zai samu. Sunayen gida dubu goma sha ɗaya ne, an yi wata uku ana bin ƙauyuka kafin a tattara su.

Wasila Inusa ce ke kula da na'urorin biron, wato ofishin ƙungiyar. Ta shiga ɗakin sanyi ta duba serber, babbar na'urar da sauran ke ɗauko aiki daga gare ta. Saƙo ɗaya take ta maimaitawa: ba a iya karanta faifai ba. Wasila ta canja kabil, wayar da ta haɗa serber da akwatin ajiyar bayanai. Ba canji. Ta duba kuran, wutar lantarki lafiya lau. Ta durƙusa gaban akwatin. Faifai takwas ne a jere. Na uku da na biyar fitilarsu ja.

Ta zaro su ta gwada lambobinsu da takardar da aka kawo akwatin da ita. Lambobin ba su yi daidai ba. Tsofaffin faifai ne wani ya cusa a gurbin sababbi.

Kafin ƙarfe goma Insifekta Mai Nasara ya iso daga komisariyar ƴan sanda, mutum siriri mai magana a hankali.

"Malama, fahimtar da ni kamar ban taɓa ganin na'ura ba."

"An rarraba sunayen ne a kan faifan takwas, Shef. In ɗaya ya fita, sauran bakwai suna iya sake gina abin da ke kansa. In biyu suka fita, shi ke nan."

"Yaushe aka cire su?"

"Akwatin yana rubuta duk abin da ya same shi. Na uku, Juma'a biyu da suka wuce. Na biyar, wannan Juma'ar. Duka ƙarfe ɗaya da rabi. Ana cikin gina na biyar, tsohon da aka sa a gurbi na uku ya mutu."

"Kenan ɓarawon ya san ɗaya-ɗaya ake cirewa."

"Ya sani."

"Wa ke da makulli?"

"Ni da Direkta Garba."

An kira Direkta. Juma'ar farko yana Takieta wajen rabo, mutum talatin za su shaida. An kira Baba Illa mai gadi. Ya ce ƙarfe ɗaya yake tsallaka titi zuwa masallaci, ya dawo ƙarfe biyu.

"Wa kake bari a ciki?"

Tsohon ya dubi ƙasa. "Ƴata Wasila. Ina dawowa ita kuma tana fita."

Insifekta ya rufe littafinsa. "Malama, kina da makulli, kin san aikin, ke kaɗai ce a gidan a lokacin. Me zan rubuta?"

 Direkta ya kau da kai. Wasila ta juya ga allon serber don kada su ga idonta, nan ta lura da lokacin da akwatin ya sa kan saƙon ƙarshe: tara da minti arba'in. Ta dubi agogon hannunta.

"Shef, ƙarfe nawa a wurinka?"

"Sha ɗaya saura minti ashirin."

"Ka tsaya ka gani."

Ta zare kabil ta mayar. Sabon layi ya fito a allo, da lokacinsa: tara da minti arba'in da ɗaya.

"Agogon akwatin yana baya da awa guda. Haka aka kawo shi daga waje, ba wanda ya gyara. Ɗaya da rabi ɗinsa, biyu da rabi ne a Zinder. Lokacin ina gida."

Insifekta ya buɗe littafin, ya juya ga mai gadi. "Baba, bayan an sauko daga masallaci wa ke shigowa?"

"Ba kowa. Sai Malam Suma'ila na magaza. Yakan ce zafi ya yi masa yawa, zai ɗan huta a ciki."

"Kafin a mai da shi magaza, shi ke kujerata," in ji Wasila. Ta matso kusa. "Shef, faifan da aka cire wannan Juma'ar, in ba a goge shi ba, sunayen suna nan. Shi da shidan nan sun isa."

Aka zo da Suma'ila Ado daga magaza, ƙaiƙayin gero a kafaɗarsa. Insifekta bai ce ya zauna ba.

"Ina kake ranar Juma'a ƙarfe biyu da rabi?"

"Ina hutawa a zauren baƙi."

"Makullin ɗakin nan fa?"

"Na mayar tun bara."

"In na bi maƙeran makulli na kasuwa ɗaya bayan ɗaya, ba wanda zai tuna fuskarka?"

Suma'ila ya kakkaɓe ƙaiƙayin kafaɗarsa.

"Mutum uku suka san ana cire faifai ɗaya ba a rasa komai," in ji Insifekta. "Direkta yana Takieta. Malama ta bar gidan ƙarfe biyu. Kai kaɗai ka shigo bayanta, Juma'a biyu a jere. Ka jira mako guda don akwatin ya gama gyara kansa. Abin da ba ka zata ba shi ne tsohon faifanka zai mutu a tsakiyar aiki."

Suma'ila ya jingina da bango. Ya ce, "Na gwada su. Wallahi da na sa su suna aiki."

"Ina sababbin?"

"Na farko na sayar wa wani mai gyara. Da kuɗin na aika buhu biyu Hamdara, ƙauyenmu. Rumbunmu ba ko zangarniya."

Wasila ta tare shi. "Malam, na biyun fa? Ka goge?"

"A'a. Yana ɗakina a Kara-Kara, cikin akwatin tufafi."

Bayan azahar aka kawo faifan naɗe a hula. Wasila ta kashe akwatin, ta yi bismillah, ta tura shi gurbi na biyar, ta kunna. Suma'ila na zaune a ƙasa da ankwa a hannu. Ya roƙa a bar shi ya gani, Insifekta ya bar shi. Minti ashirin suka wuce. Fitilar ta koma kore. Sunaye suka fara gangarowa a allo, ƙauye bayan ƙauye.

"Malama," in ji Suma'ila, muryarsa can ƙasa. "Duba mini Hamdara. Gidan Shatu Ado."

Wasila ta dubi Insifekta. Ya gyaɗa kai. Ta buga sunan.

"Tana nan. Mutum tara. Rabonta yana cikin kamiyon da ya kamata ya tashi yau da safe."

"Mahaifiyata ce," ya ce.

Ya sa goshi a kan gwiwarsa. Insifekta ya ba shi ɗan lokaci, sannan ya kama hannunsa ya tashe shi.