Mai Hoton da Bai Yi Sallama Ba

Laifin da zan ba ku labarinsa satar kallo ne. Ku 'yan matan yanzu kun mai da shi ba komai ba, kowa da waya a hannu yana ɗaukar kowa. To ku natsu ku ji abin da ya ja wa Makame ɗan Pandu a tsohon garin Zanzibar. A gabana aka yi, ba labari aka ba ni ba.

"Makame, tsaya... ba ka yi kira ba!"

Riziki ce, budurwarsa, ta faɗa tana haki a kan matakalar ƙarshe ta wani tsohon bene a unguwar Hurumzi, wanda masu shi suka watse suka bar wa hankaki. Ita ma da nata laifin, don ta ce wa uwarta kasuwar Darajani za ta, sai ga ta biye da saurayi.

A garinmu namiji ba ya hawa sama shiru. Mai gyaran kwano tun daga ƙasa yake ɗaga murya, "Namiji zai hau!" Mai hawan kwakwa kuwa waƙa yake yi har ya sauko, don matan da ke tsakar gida da saman soro su ja zane. Uban Makame da wannan waƙar ya yi furfura.

Makame ya yi dariya, ya gyara igiyar kyamararsa a wuya.

"Haba tauraruwata! In na yi kira kowa ya gyara zama, me zan ɗauka? Ni gari nake so yadda yake in bai san ana kallonsa ba."

"Baba Pandu ya san haka kake yi?"

"Baba kwakwa yake nema a sama, ni abin da nake nema daban. Zo ki gani."

Ta matso bakin katanga ta leƙa. Rufin kwano ne mai tsatsa har bakin teku, lungunan sun zama kamar tsagar bango. Ga mai rake yana juya injinsa, ga mata suna ciniki a kan kifi, ga wasu maza sun ɗauko makara suna karkata ta don ta shige kwana. Bakin kowa yana motsi, amma ko tari ba ya isowa sama. Hankakin da ke jere a kan katangar ma ba wanda ya yi kuka.

"Kamar garin matattu..." in ji ta. "Ina gidanmu?"

"Wa ya sani? Ni ta ƙofa na san gidanku. Daga nan duk kwano ɗaya ne."

Ta duba ta duba, ita da aka haifa a ciki ma ba ta gane shi ba.

Ya shiga nuna mata hotuna a bayan kyamara. Tsakar kawuna, kafaɗu, tiren mai gahawa, wanki a kan igiya.

"Duk cikinsu ba wanda ya san da kai," ta ce a hankali.

"Sai mutum ɗaya. Akwai wata mace, kullum dab da magariba take hawa soronsu ta ɗago kai ta dube ni. Riziki, wannan hoton shi zai fitar da sunana har Nairobi!"

"Wace ce?"

"Kishi ya motsa?"

"Na ce wace ce!"

"Wallahi ban santa ba, zuciyata. In an wanke ke za ki fara gani."

Da ta koma gida ta tarar da uwarta, Bi Mwatima, tana kankare kwakwa a madafa, fuska a ɗaure.

"Ina kifin?"

"Ya ƙare, Mama."

"A Darajani kifi ya ƙare? Ki ce dai kin je wurin ɗan leƙen asirin nan. Na faɗa na ƙara, ban yarda da mutumin da yake kallon jama'a ta tsakar kai ba. Ba don yayarki ta roƙe ni ba, da ko ƙofar gidan nan ba zai taka ba."

Gaskiya ne, Subira ce ta tsaya wa auren, ko da yake Makame bai taɓa ganin fuskarta ba. Ita ce babbar 'yar Bi Mwatima, kuma a lokacin tana cikin takaba a ɗakin sama. Mijinta Kombo jirginsu ya kife a hanyar Pemba, waɗanda suka tsira sun ga nutsewarsa, teku kuma ba ta dawo da shi ba. An sa bikin Riziki da zarar ta fita takaba.

Riziki ta hau da abinci. Ta tarar da yayarta zaune cikin fararen kayanta tana taje gashi tana murmushi ita kaɗai. Watannin farko Subira ko ruwa sai an matsa mata take sha. A 'yan kwanakin nan kuwa ta fara cinye abincinta tas, har da 'yar waƙa ƙasa-ƙasa.

"Yaya, kin yi kyau yau."

"Kin gani ko?" Subira ta dubi taga. "Rana ta kusa faɗuwa?"

"Da saura."

"To ajiye abincin ki sauka. Kada kowa ya biyo ni soro, ina son iska."

Murmushin bai kwanta wa Riziki ba, amma ta ce a ranta haƙuri ne Allah ya saukar.

Akwai wata Zuhura da ke aiki a shagon da Makame yake kai wankin hoto. Tun suna makaranta take sonsa, shi ko bai taɓa yi mata kallo na biyu ba. Ranar da ya kai katin kyamararsa ta buɗe, kallo ɗaya ta yi ta gane fuskar, don ita ta yi wa Subira lalle ranar aurenta. Ba ta ce masa uffan ba. Ta wanke hoton ƙato, ta sa masa katako, ta rataye a bakin shago, daidai inda yake fuskantar dakalin masu shan gahawa.

Da hantsi Riziki ta biyo lungun ta ga maza sun yi cincirindo, ba mai magana da ƙarfi.

"Amarya!" Zuhura ta ƙwala mata kira daga ƙofa. "Zo ki ga aikin angonki. Hannunsa akwai albarka, ko ba haka ba?"

Mutane suka dare mata.

Subira ce. Kanta ba ɗankwali, gashi ya zubo har baya, ta ɗago fuska tana dariya da hawaye, hannunta ɗaya a miƙe sama. A bayanta rigar Kombo ce a kan igiya, iska ta cika ta har ta yi kafaɗu, kamar mutum ne tsaye ba kai.

"Matar marigayi Kombo ce fa," wani tsoho ya ce da raɗa. "Mai takaba!"

"Wa take yi wa dariya haka?"

"Ka dubi abin da ke bayanta mana..."

Riziki ba ta san lokacin da ta fizgo hoton ta rungume shi ta juya fuskarsa ciki ba. Ta ruga gida takalmi ɗaya a ƙafa.

Kafin azahar magana ta gama unguwa. Bayan la'asar Makame ya zo, ido jajir, kyamara a wuya don ko masallaci da ita yake zuwa. Bi Mwatima ta tare ƙofa.

"Ka zo ɗaukar sauran? Ni ce ban cire ɗankwali ba, ko in cire maka?"

"Mama, ki yi wa Allah... ban san gidan nan ba ne. Na rantse ban sani ba!"

"Ku bar shi ya shigo zaure."

Muryar Subira ce daga bayan labulen matakala. Tun da aka nuna mata hoton ba ta yi magana ba sai yanzu. Muryar ta fito a daidaice, ba kuka a ciki, abin da ya fi ba Riziki tsoro ke nan.

"Makame, kai ne kake tsayawa a kan dogon benen can?"

"Ni ne, Yaya."

"Kullum?"

"...Kullum."

"Ranar farko na hau shanya rigarsa, na ɗaga kai na ga namiji tsaye can sama, rana a bayansa, ba a ganin fuska. Na ja zane na jira kira. Ban ji ba. Na jira waƙa, ban ji ba. Sai na ce a raina, a garin nan mai rai ba ya hawa sama shiru. To wane ne, in ba Kombo ba?"

Bi Mwatima ta dafe bango ta zauna a ƙasa.

"Washegari ka dawo," Subira ta ci gaba. "Ka sake dawowa. Na kwance masa gashina don haka yake so. Na ba shi labarin gida, na ce masa Riziki za ta yi aure, yaron kirki ne, ni na tsaya masa. Na ce ya sauko ko sau ɗaya, ba zan faɗa wa kowa ba..."

Labulen ya motsa kaɗan, ya tsaya.

"Yau aka sake kashe min miji. Amma ƙanwata tana sonka, ba zan so ta ɗanɗani abin da nake sha ba. Ka goge shi daga na'urarka, duk inda yake. In ka goge na yafe, a yi biki."

Suka ji takunta ta koma sama. Bi Mwatima ta bi ta tana share ido. Zaure ya rage daga Riziki sai Makame.

"Ka ji," in ji Riziki. "Goge."

Ya kunna kyamarar. Fuskar Subira ta haska a cikin duhun zauren. Ya ɗora babban yatsansa a kan maɓallin gogewa, ya tsaya.

"Makame?"

"Ina zuwa..."

"Me kake jira?"

"Riziki, hasken raina, saurare ni. Zan ɓoye shi. Ba wanda zai sake gani, ko ke. In shekaru sun wuce, an manta..."

"Goge!"

"Irin wannan sau ɗaya mutum yake samu a rayuwarsa! Dubi hasken, dubi rigar nan. Ban san Yaya ba ce, kin san ban sani ba!"

"Da yayar wata ce fa?"

Ya kau da kai, ta sha gabansa.

"Ka ga mace cikin farin kaya, ka ga rigar namiji a igiya, kai ɗan garin nan ne, ka san abin da hakan yake nufi. Ka ga bakinta yana motsi. Me ka zaci take cewa?"

"Da nisa, ba na ji..."

"Kuma ka koma washegari."

"Don ke nake yi! Don in samu suna, in riƙe ki da daraja!"

"Ni na aike ka?"

Hasken ƙofa ya yi ja, rana ta kusa faɗuwa. Sai suka ji wani taku a can sama, a hankali, tsani bayan tsani. Ƙofar soro ta yi ƙara. Subira ce. Ta san gaskiya sarai, amma lokacin ya yi, ƙafafunta suka kai ta.

Riziki ta runtse ido, hawaye suka zubo.

"Kana ji? Ta hau duba mijinta. Masoyina, ina roƙonka na ƙarshe. Danna."

Ya dubi maɓallin. Ya dubi fuskar da ke cikin gilashin. Sai ya kashe kyamarar, ya rufe bakinta da murfi.

"Ba ni zuwa gobe," in ji shi.

Riziki ta zare zoben da ya sa mata, ta kama hannunsa ta buɗe tafin, ta ajiye, ta naɗe yatsunsa a kai.

"Ba gobe tsakaninmu. Fita, zan hau wurin yayata."

"Riziki!"

Ba ta waiwayo ba.

Da safe aka mayar da kayan aure gidan Pandu. Tsohon ya karɓa da hannunsa, ya tambayi dalili aka faɗa masa, ya shiga ɗaki ya rufe. Zuhura ta yi kwalliya ta je yi wa Makame jaje, ya kore ta, mai shagon ma ya sallame ta don mutane sun daina kawo masa aiki. Subira ta fita takaba, amma ta daɗe ba ta koma daidai ba. Riziki ce ta yi jinyarta, har ta rinƙa kwana a bakin ƙofar soro. Bayan shekara wani malamin makaranta daga Pemba ya nemi Riziki, ta ce sai in zai yarda yayarta ta bi su. Ya yarda, aka ɗaura.

Shi kuwa Makame, ku lissafa tare da ni.

Ya rasa Riziki, yana tsaye a bakin teku jirginsu ya tashi, ba ta ɗago kai ba. Ya rasa ubansa, don har Pandu ya koma ga Allah bai sake cin abinci a faranti ɗaya da shi ba. Ya rasa benayen gari, duk mai matakala ya sa mata kwaɗo, tsohon benen Hurumzi kuma 'yan unguwa suka toshe ƙofarsa da bulo. Ya rasa sana'arsa, don ko a ƙasa ya ɗaga kyamara sai lungu ya yi tsit, mata su ja zane, maza su ajiye kofin gahawa su zuba masa ido har ya sauke. Ko ɗaurin aure ba mai kiransa.

Abin da ya rage masa hoto ɗaya ne. Bai kai shi Nairobi ba, bai sayar ba, bai goge ba. Maƙwabcinsa ya ce min har yau bai iya buɗe shi ya kalla.