Takarda ta Arba'in da Biyu

Ana dab da magariba 'Yar Gardama ta koma ɗakin darasinsu na hawa na uku. Ƙawayenta ne suka laƙaba mata sunan, don tun da ta shiga ajin farko na falsafar addini babu maganar da take bari ta wuce ba ta yi mata ƙwaƙwa ba.

Da safen ranar ne abin ya faru. Malamin kwas ɗin ya kira ta ofis, ya ajiye mata jinga biyu iri ɗaya, har waƙafi. Ɗaya tata ce, ɗayar ba suna. Tambayar da ya ba su ita ce: shin abin da mutum ya gani shi kaɗai na gaibu zai zama hujja ga wasu?

"Ku arba'in da ɗaya ne, takardu arba'in da biyu," in ji shi. "Ki nemo wanda ya kwafa, ko ki yi bayani gaban kwamitin ladabtarwa."

Ta san hukuncin. Kora. Ga Baba ya gama shelanta wa dangi 'yarsa na jami'a.

Ta zargi aminiyarta, ta zargi shugaban aji. Daga baya hankalinta ya tsaya kan dogon nan mai farar riga da ke zama bayanta kullum, ba ya magana, ba ya sa hannu a takardar halarta.

Shi ta koma nema. Yana nan kuwa, shi kaɗai, kansa a sunkuye.

An ɗauke wuta, amma fankar saman kansa na juyawa a hankali. Ƙiii. Ƙiii. Ɗakin na warin fitilar da aka hure yanzu.

"Bawan Allah, kai ka kwafi aikina?"

Biro ya ci gaba da ƙarce takarda.

Ta matsa, ta leƙa. Rubutun hannunta ne. Yana rubuta tambayar da ta yi masa yanzun nan.

Sai ya rubuta wani layi: *Wane ne kai?*

Ba ta riga ta faɗa ba. Yana kan harshenta.

"A jingarki kin ce shaidar mutum ɗaya ba hujja ba ce." Da muryarta ya yi raɗan. "To, wa za ki faɗa wa?"

Ya fara ɗago kai.

Ba ta jira ba. Ta yi ta'awwuzi, ta ruga. Ƙofa ta cije. Kujera ta ja ƙasa a bayanta. Taku ɗaya. Biyu. Ta banke ƙofar da kafaɗa, mayafinta ya maƙale, wani abu ya riƙe shi daga ciki.

Ta bar masa.

Washegari ta tsaya gaban malamin, kafaɗa a kumbure. Ya dube ta ya daɗe, sannan ya tashi ya rufe ƙofa.

"Mai farar riga?"

Ta gyaɗa kai.

Ya jawo aljihun teburinsa. Takardun jinga ne cike, babu mai suna, wasu har sun yi ja don tsufa.

"Duk shekara ina fatan a ce ɗalibi ne," ya ce ƙasa-ƙasa. "Je ki. Babu zancen kwamiti."

Ta ci kwas ɗin. Amma har ta gama jami'a, a layin ƙarshe take zama, bayanta manne da bango.