Lambar da Auta Ta Danna

Na'urar sanyaya ƙwayoyi tana ta ƙarar gargaɗi, Auta na tsaye a gabanta hawaye sun cika mata ido, sai ga wani saurayi ya turo ƙofar ɗakin binciken da jakar kayan aiki a kafaɗa.

"Ke kika kira mai gyara?"

"Ni ce. Don Allah yi sauri, aikin shekara biyu ne a ciki."

Auta ake ce mata a gida, sunan ya bi ta har jami'a. Bincikenta a kan ƙwayoyin halitta na asali ne, waɗanda ake cirowa daga ɓargo da fatan su gyara zuciyar da ta samu rauni. Matsalarsu, da iskar oksijin ta yi ƙaranci sai su mutu. Ita kuwa tana gwada ko ɗan sanyi kaɗan, digiri talatin da uku, zai sa su jure.

Cikin minti ashirin saurayin ya gano wayar da ta saki. Ya tambayi abin da ke ciki, ta yi masa bayani, ya saurara har ƙarshe.

"Ashe reno kike yi," ya ce. "Daga yau ke ce Maman Ƙwayoyi."

"Na gode, Injiniya."

"Difloma ce fa kawai da ni."

"Ni dai na riga na naɗa ka."

Bayan wata biyu, kullum da safe sai saƙonsa ya shigo: "Maman Ƙwayoyi, yaya yaran? Ki gaishe su, amma uwarsu nake kewa."

Da maganar soyayyarsu ta isa kunnen Abba, mahaifinta, gidan ya ɗau zafi.

"Mai gyaran firji? Bayan duk karatun nan? Ga Dakta yana ta sintiri kin ƙi kallonsa!"

Dakta shi ne na gaba da ita a ɗakin binciken, ɗan aminin Abba ne kuma.

Wata Litinin ta shiga aiki ta tarar da na'urar a digiri uku. Ta duba a madubin bincike. Babu ƙwaya ɗaya mai rai.

"Wa ya taɓa ta ranar Juma'a da safe?" in ji Dakta. "Ba mutumin naki ba?"

Ko tsayawa tunani ba ta yi ba ta rubuta wa Injiniya: "Na yarda da kai, ka rusa min komai. Kada ka sake nemana."

Amsarsa gajera ce: "Na ji. Allah ya mayar miki da alheri."

Jami'a ta soke aikinsa. Auta ta koma farko, ta rame, ta daina dariya. Wata uku a haka, sai sabon mai gyara ya buga mata bayanan da na'urar ke ajiyewa. An canja lambar ranar Juma'a da ƙarfe huɗu da minti goma na yamma, da katinta na buɗe na'urar.

Nan take ta tuna. Abba ne ya kira yana faɗa a kan auren, wayar na maƙale a kunnenta, ta danna uku sau ɗaya maimakon sau biyu.

Ta sami Injiniya a shagonsa durƙushe bayan wani tsohon firji.

"Ka sani?"

Ya goge hannu a tsumma. "Tun ranar na duba."

"Ka yi shiru na zage ka?"

"Da sun cire ki daga karatun. Ni kuwa ina da hannuna, firji ba ya ƙarewa a gari."

"Wa ya ce ka zaɓar min?" in ji ta. "Wata uku ina tsanarka a banza!"

Daga nan ofishin Farfesa, mai kula da bincikenta, ta wuce ta faɗi gaskiya. Aka ƙara mata shekara guda, aka rubuta wa Injiniya takardar ban haƙuri. Dakta bai ƙara haɗa ido da ita ba.

Da yamma ta durƙusa gaban Abba ta zayyana masa komai.

"Ƙarfe huɗu," ya ce a hankali. "Ni ne na kira ki."

Umma ta share hawaye. "Alhaji, yaron nan fa ya yi abin da ba kowa zai yi ba."

Washegari Abba da kansa ya je shagon, ya ce masa ya turo manyansa.

Ranar ɗaurin aure Abba ya riƙe hannun angon da hannu biyu.

"Na yi maka kallon da bai dace ba, ɗana, ka yafe min. Ga ta nan, akwai taurin kai, amma ba ta ƙarya. Allah ya yi muku albarka, ya ba ku zaman lafiya."

A mota Auta ta sunkuyar da kai. "Har yanzu ban gama jin kunyarka ba."

Ya kama yatsunta. "Ki bi a hankali, amaryata. Ba inda zan je."