Faifan da Ya Ɓata Ranar Haskawa

Mai shara ce ta tsinci editan da safe a ɗakin haska fim na silima, kwance cikin jini, an rotsa masa ƙeya. Faifan fim ɗin yaƙin da ya kawo gwaji, wanda babu wani kwafinsa, ya ɓace. Kafin Sufeto ya iso an wuce da editan asibiti, ba ya magana.

Da yamma za a fara haskawa, amma layi ya riga ya zagaye ginin. Yawanci matan da yaƙin ya cinye wa maza ne, da 'ya'yansu, tsaye shiru. Sharhin da ya fito a jarida ne ya taso su. Mai sharhin ya rubuta cewa a ƙarshen fim ɗin akwai hoton gaske na wani kisa, kuma fuskar wanda ya ba da umarni ta fito tangaran.

Sufeto ya karanta sharhin a tsanake, ya fara da daraktan.

"Wa ya ga ƙarshen?"

"Ni, da edita, da mai sharhi. Ko matata ban nuna wa ba, har gaba take yi da ni."

Daraktan ya kwana wajen haihuwar ƙanwarsa, ma'aikatan jinya sun shaida. Shi kuma mai sharhin a keken guragu ya zo, ɗakin kuwa a saman bene yake.

"Yallaɓai, da zan iya hawa benen nan ai da na yi aure," in ji shi.

Saura manajan silimar, dattijo mai tsabta da kowa ke kira Baba. Ya zuba wa Sufeto shayi cikin fara'a.

"Baba, ka kalli fim ɗin?"

"Ina fa, ɗana. Ni dai na gaya musu tone-tone ba alheri. Mutanen da aka jera bakin rijiya sun tafi, me za a ƙara musu?"

Sufeto ya ajiye kofin bai kurɓa ba. Ya fita ya kira daraktan gefe, ya yi masa tambaya guda, ya dawo ya tura ƙofa.

"Baba, jarida ba ta ambaci rijiya ba. Darakta ya ce bai taɓa faɗa wa kowa ba. Ƙofar ɗakin sama kuma ba fasa ta aka yi ba, da mabuɗi aka buɗe. Ko dai ka tsaya bayan editan kana kallo, ko kuwa kana wurin ranar da abin ya faru."

Dattijon ya dube shi. Fara'ar nan ta zube daga fuskarsa, ya gyara zama irin na soja.

An samu faifan a tankin ruwan bayan gida, a jiƙe amma da rai. Ana saka wa Baba ankwa waya ta shigo daga asibiti, editan ya cika. Labarin ya riga su sauka ƙasa. Shirun layin ya fara zama wani gunji mai nauyi, har gilashin taga na karkarwa.

"Ɗana," Baba ya ce a hankali, "ta ƙofar baya za ka fitar da ni ko?"

Sufeto ya ɗaga labule ya leƙa.

"Can ɗin ma sun cika, Baba."